Iskar Na-Sani da Ƙwan Maman Biyu

A wani layi mai gidaje goma sha biyu akwai wani mutum da ba a taɓa gama gaya masa magana ba. Kana buɗe baki zai ce, "Na sani." Likita ya fara yi masa bayanin hawan jini, ya ce na sani. Wata rana maƙwabcinsa tela ya tare shi zai gaya masa rigarsa a baibai take, ya ce na sani, ya wuce da ita haka har ofis. Shi ya sa sunan ya bi shi. Yara da manya Na-Sani suke ce masa, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu kamar an ba shi digiri.

Rigimar ta faro ne ranar Laraba a rumfar mai faci, wadda take daidai inda layin ya faɗa babban titi. Na-Sani ya tsaya a ƙara wa motarsa iska. Mai faci ya durƙusa, ya auna, ya ƙara kaɗan, ya mayar da murfin bawul, wato bakin da ake sa iska.

Na-Sani ya zagayo ya kai wa tayar shuri. "Ƙara."

"Yallaɓai, ta isa."

"Ƙafata ta ce ba ta isa ba."

Mai faci ya ɗago kai a hankali. "To ƙafar taka lamba nawa ta nuna?"

Direbobin da ke zaune a benci suka kwashe da dariya, wani har da buga cinya. Na-Sani ya ja motarsa, bai zame ko'ina ba sai shagon kayan mota, ya sayi ma'aunin iska mai kama da biro, da famfon da ake takawa da ƙafa. A cikin kwalin ma'aunin har da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu wanda bai san amfaninsa ba. Mai shago ya fara, "Wannan ɗan ƙarfen kuma kada ka..." Ya ce, "Na sani," ya zuba a aljihu.

Da yamma ya tarar da matarsa a bayan gida tana jera ƙwai a kiret. Maman Biyu kaji ɗari biyu take kiwo. Shekara biyu tana bin shugabar kicin ɗin wani otal tana neman a riƙa karɓar ƙwanta, sai a makon nan matar ta amsa: a kawo kiret talatin ranar Asabar kafin ƙarfe sha biyu. In aka makara, ko aka kawo fasasshe, za ta koma wa mai kawo mata na da, kuma ba ƙorafi.

"Maman Biyu, dubi nan." Ya zaro ma'aunin daga aljihun gaba kamar likita. "Daga yau mun gama da mai facin can. Ranar Asabar zan auna wa duk layin nan iska kyauta. Ki ba shi wata uku, in bai naɗe rumfarsa ba ki canza mini suna."

"Asabar ranar ƙwaina ce, Baban Biyu."

"Na sani."

"Abin da nake so, ka kai motar wurinsa da sassafe, tun tayoyin ba su ɗauki zafi ba, ya daidaita su don kaya. Ko ka ba ni makullin in kai da kaina."

"Tuƙinki cin taya yake yi. Kuma ga injiniya a gida ki tafi neman mai faci? Ƙwanki zai je otal kamar a kan katifa."

Maman Biyu ta dube shi, ta dubi ƙwanta, ta ce, "Allah ya kai mu." Daga nan ta ɗauko wasu kiret daga saman keji ta ci gaba da jerawa.

Asabar ƙarfe takwas Na-Sani ya fito da mota ƙofar gida. Ya kafa teburi, ya shimfiɗa masa ƙyalle, ya ɗora ma'auni da famfo. Ya ciro safayar motar daga but ya jingine ta da bango don koyarwa. Jama'a suka fara taruwa, don layin bai taɓa barin abin kallo ya wuce shi ba. Tela ya bar kekensa na ɗinki ya fito da tef a wuya. Malam, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, ya jawo kujerarsa gindin bishiya ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Jama'a," in ji Na-Sani, "shekara da shekaru ana cutar ku. Ku matso ku gani." Ya tsuguna ya nuna jikin taya. "Me aka rubuta nan? Hamsin da ɗaya. Kamfanin da ya yi tayar ne ya rubuta da kansa. Mai faci kuwa talatin da 'yan kai yake sa muku. Sauran iskar ina yake kai ta?"

"Wataƙila gida yake tafiya da ita," in ji tela.

Malam ya gyara tabarau. "Na-Sani, ina jin wannan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Abin da motar take so yana jikin wata 'yar takarda a gefen ƙofar direba. Buɗe ka..."

"Na sani, Malam. Wannan takardar ta masu koyo ce."

Ya kwance murfin bawul na tayar gaba ta hagu, ya danna ma'aunin a karkace. Fssss! Ya ɗago ya karanta. Talatin da ɗaya.

"Kun gani? Bari in tabbatar."

Fssssss! Ashirin da tara.

"Af."

Fssssssss! Ashirin da shida.

"Kun ga abin da nake faɗa? Tayar nan yoyo take yi, kuma mai faci bai taɓa gaya mini ba!"

"Ni dai na lura sai ka taɓa ta take yoyon," in ji tela.

Na-Sani ya sake dannawa, ya sake, yana gyara zama, yana hura bakin ma'aunin, yana girgiza shi kusa da kunne. Kafin ya haƙura tayar ta sauko sha tara, ta yi tumbi a ƙasa kamar wadda ta ƙoshi.

"Wannan taurin kai gare ta," ya ce yana share goshi. "Bari in bar ta ta yi tunani. Mu fara da 'yan'uwanta."

Ya haɗa famfo da tayar baya ya hau takawa. Taku ashirin na farko da waƙa ya yi su. A taku na sittin waƙar ta ɗauke. A na ɗari hularsa ta faɗi, numfashinsa ya koma kamar na famfon. Sai ya tuna cewa koyarwa ya zo yi, kuma ɗalibi ba ya koyo da ido.

"Tela, zo ka gwada. Ƙafarka ta saba da taka keke."

Tela ya taka har ya gaji, ya miƙa wa mai shagon da ke kan kwanar layin, mai shago ya miƙa wa wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya kawai. Na-Sani yana tsaye hannu a ƙugu yana ba da umarni. Ƙarfe tara da rabi taya ɗaya ta kai hamsin da ɗaya. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara kamar tukunyar ƙarfe.

"Kun ji lafiya?"

Tela dai ya ga ya ba da gumi, ya kamata ya amfana. Ya shiga gida ya turo tsohon kekensa na hawa, wanda facin da ke jikin tayarsa ya fi tayar yawa.

"Tunda kyauta ne, a taimaka wa wannan."

"Keke ai da ido ake auna shi," in ji Na-Sani, ya hau famfo da sabon ƙarfi.

"Ya isa haka," in ji tela.

"Na sani."

"Wallahi ya isa!"

"Saura kaɗ..."

Tas! Ƙarar ta cika layin. Baƙon nan mai tambayar hanya ya ruga bai ko karɓi kwatance ba. Daga bayan gida kaji ɗari biyu suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Maman Biyu ta leƙo ta taga da gashin kaza a kafaɗa.

"Baban Biyu! In kajina suka firgita suka daina ƙwai, kai za ka shiga kejin ka yi!"

"Gwaji ne, Maman Biyu. Mun gano tayar tela ba ta da inganci."

"Shekara tara tana kai ni kasuwa," in ji tela yana ɗaga tsumman robar. "Sai yau da ta haɗu da ilimi."

Aka koma kan mota. Ta biyu ta cika, ta uku ta cika, rana ta take, masu taka famfo suka fara tuna suna da aiki a gida. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata aka zo kan mai taurin kai. Na-Sani ya haɗa, ya ɗaga ƙafa ya taka da dukkan nauyinsa, sai robar famfon ta tsinke daga gindi ta zabge shi a ƙwauri. Famfo ya yi wani ɗan tsaki ya mutu.

Motar tana tsaye, uku a sama ɗaya a ƙasa, ta karkata gaba kamar mai gaisuwa.

Maman Biyu ta fito da gyale da jaka. "An gama?"

"An gama," in ji Na-Sani da sauri. "Malam, taimaka mana. Hamsin da ɗaya sau uku, a haɗa da sha tara, a raba huɗu."

Malam ya runtse ido ɗaya. "Arba'in da uku."

"Kin ji! Arba'in da uku kowace taya. Har ya wuce abin da mai facin can yake sawa."

"Na-Sani," in ji Malam, "in takalminka na dama ya yi maka girma, na hagu ya matse ka, sai ka ce a tsakani dai sun yi daidai?"

"Wannan lissafin aji ne, Malam. Nan fili ne."

Aka yi lodi. Kiret a but, kiret a kujerar baya an tokare da matasai, wasu a cinyar Maman Biyu har kusa da haɓarta. Na-Sani ya tayar da mota, amma maimakon ya miƙe ya faɗa babban titi, sai ya karya kan mota zuwa hanyar baya.

"Ina kuma za mu?"

"Yanke ne."

"Zagaye dai. Don kada ka wuce ta gaban mai faci da mota tana ɗingishi."

"Ni? Ban ma tuna da shi ba."

Hanyar baya ba kwalta, ramuka ne da tsakuwa. Tayoyi ukun nan sun yi tauri kamar dutse, ko tsinken ashana suka taka sai motar ta yi tsalle. Ta huɗu kuwa tana jan sitiyari hagu, Na-Sani yana ja dama, har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Motar ta zama ɗan akuya da aka kwance daga turke.

"A hankali!"

"Na sa-sa-sa-ni," ya ce, haƙoransa suna haɗuwa.

Suka faɗa rami na farko. Daga baya aka ji ƙwas. Rami na biyu, ƙwas-ƙwas. Maman Biyu ta rufe ido tana motsa leɓe. Na-Sani ya ɗauka addu'a take yi masa, har ya ji daɗi.

Bayan zagayen minti ashirin a cikin rana, hanyar ta dawo da su babban titi, kuma ba ko'ina ta fito da su ba sai taku talatin daga rumfar mai faci. A nan ne akwai tudun da aka yi don rage gudu. Na-Sani ya so ya wuce da sauri kafin a gan shi, ya taka mai maimakon burki. Motar ta tashi, ta sauka. Kiret ɗin saman cinyar Maman Biyu ya yi sama, ya juya, ya kife a ƙirjin direba.

Ya tsaya a gefen titi. Ƙwaiduwa tana bin aljihun gabansa tana sauka kan ma'aunin.

"Ba komai," ya ce. "Bari in duba abu ɗaya."

Ya fita ya goge ma'aunin a wando, ya danna a tayar baya. Hamsin da biyar. Ya sake dubawa. Iyaka hamsin da ɗaya, ga shi ta kai hamsin da biyar, kuma ba wanda ya ƙara mata!

"Maman Biyu, fito! Iska tana haihuwa a ciki! Za ta fashe! Jama'a, a ja baya!"

Jama'a kuwa da suka ji an ce a ja baya sai suka matso. Direbobin benci suka taso. Mai sayar da lemo ta bar tirenta. Ga tela ya iso yana tura kekensa zuwa faci, Malam yana biye da shi da lema, wai shi ma yana son ganin amsar lissafin.

Nan Na-Sani ya tuna da ɗan ƙarfen nan mai baki biyu. Ya zaro shi, ya zura a bakin bawul, ya ji ya kama wani abu. Ashe ga amfaninsa! Ya murɗa sau ɗaya, iska ta fara fita.

"Yallaɓai, kada ka ƙara murɗawa!" Muryar mai faci ce daga rumfa. "Allurar bawul ɗin ce kake kwancewa!"

"Na sani!"

Ya ƙara murɗawa. Allurar ta harbo kamar harsashi, ta wuce ta gefen kunnensa, ta faɗa kwata. Iskar da mutum huɗu suka tara da gumi ta fito da ihu a fuskarsa, ta ɗauke hularsa ta mirgina da ita tsakiyar titi. Ya sa babban yatsa ya toshe, ta ture yatsan. Cikin daƙiƙa kaɗan tayar ta kwanta shame-shame.

"A sa safaya," in ji wani direba.

Na-Sani ya buɗe but. Kiret ne kawai suke kallonsa.

"Tana gida jingine da bango," in ji tela. "Tana koyarwa."

Dariyar da aka yi har masu wucewa a bas suka leƙo. Maman Biyu ba ta yi dariya ba. Ta dubi agogonta: sha ɗaya da minti ashirin da biyar. Ta ajiye kiret ɗin cinyarta a kujera, ta fito, ta tako har gaban mai faci.

"Sannu da aiki, mai faci. Minti nawa?"

"Goma, Hajiya, in ba a taya ni ba."

"Ba mai taya ka." Ta juya. "Baban Biyu, zauna a bencin can."

"Ai ni zan nuna masa..."

"Zauna."

Ya zauna.

Mai faci ya jawo robar injinsa. Kafin ya taɓa taya sai ya buɗe ƙofar direba, ya goge ƙurar da ke gefenta da babban yatsa. Ga 'yar takardar nan ta fito fes.

"Talatin da biyu gaba, talatin da biyar baya in akwai kaya. Wanda ya ƙera motar ne ya rubuta. Na jikin taya kuwa cewa yake kada ka wuce nan, ba wai ka kai nan ba."

Malam ya yi tari ɗan ƙarami, ya kalli sama.

Mai faci ya ɗauko sabuwar allura daga gwangwani ya ɗaura, ya cika tayar baya, ya cika mai taurin kai, ya sauke sauran biyun. "Iska ba ta haihuwa, Yallaɓai. Taya in ta yi tafiya a rana takan ɗauki zafi, lambar ta ɗan hau. Shi ya sa ake aunawa da safe kafin a taka hanya. Yanzu da zafinsu na bar su sama kaɗan. Hajiya, gobe da sassafe a sake dubawa."

Yana aiki, Maman Biyu tana aiki. Ta bi kiret ɗaya bayan ɗaya, tana zare fasassu tana cike gurbinsu da masu lafiya, mai lemo tana riƙe mata. Na-Sani yana daga benci yana kallon fasassun suna taruwa. Kusan kiret uku sun tafi. Shekara biyun da matar nan ta yi tana sintiri a ƙofar kicin ɗin otal, shi ya fasa su a hanyar baya.

"Maman Biyu," ya ce da ƙaramar murya, "talatin ɗin ba za su cika ba."

"Sun cika."

"Ta yaya?"

"Talatin da uku na loda." Ta rufe but. "Shekara goma sha takwas ina aurenka, Baban Biyu. Tun ranar Laraba da na ga abin nan a aljihunka na ƙara uku."

Ta miƙa hannu. Ya ɗora mata makulli. Ba ta janye hannun ba. Ya zaro ma'aunin mai danƙon ƙwai ya ɗora. Ta naɗe shi a hankici ta jefa a jaka. Ta ɗauko kiret ɗin fasassu ta aza masa a cinya.

"Riƙe wannan, kada ƙuda ya taɓa. Naka ne na dare."

Ta shiga, ta gyara madubi, ta ja motar sumul kamar a kan katifa. Sha biyu saura ashirin da biyu.

Na-Sani ya zauna da kiret a cinya, ba hula, ƙwai yana bushewa a ƙirjinsa. Tela yana gefensa ana yi wa kekensa faci, kowane minti biyu sai ya waiwayo ya ce, "Sannu, Injiniya." Malam ya riƙe musu lema.

Sha biyu da kwata wayar Na-Sani ta yi ƙara. Da yake hannuwansa suna riƙe da kiret, tela ne ya zaro ta ya buɗe murya kowa ya ji.

"An karɓa," in ji Maman Biyu. "Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ba fasasshe. Ta ce duk Asabar."

Benci ya ɗauki tafi. Na-Sani ya miƙe ƙirji, ƙwaiduwa ta tsage a kan rigar.

"Ai na sa..."

"Kuma duk Asabar ni zan tuƙa," ta ce, ta kashe.

Daidai lokacin wata farar mota ta tsaya a gaban rumfar. Mai ita ya fito ya zagaya, ya kai wa tayarsa shuri, ya ce wa mai faci a ƙara. Na-Sani ya yi zumbur ya tashi da kiret ɗinsa.

"Kai, bawan Allah! Ƙafarka lamba nawa ta nuna? Buɗe ƙofarka ka karanta takarda! Mutane ba sa son a koya musu abu."

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya dubi ƙwan, ya juya wurin mai faci. "Wannan fa?"

Mai faci bai ɗago daga kan tayar tela ba.

"Sabon ɗalibina ne," ya ce. "Yau ya fara. Kada dai ka bari ya taɓa."